Wadatar Zuci da Lafiyar 'Ya'yanmu

Ya ku iyaye na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, mun tashi da tarbiyyar wadatar zuci, kuma kwanciyar hankali kan ƙara wa jiki lafiya. Sai dai uwar da ɗanta ke kwance da ƙyanda ba ta runtsawa, ko da tukunyarta cike take. Mun gani a 2003, da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano: cutar ta tsallaka ƙasashe maƙwabta. A 2023 kuma mashaƙo ya fi kama yaran da ba a yi wa allura ba.

Mu kai jarirai asibiti da zarar an haife su, sai mako 6, 10, 14, da wata 9 da 15. Kyauta ne, mu adana katin.