Abin Sha Na Gida Da Yadda A Ke Tsare Shi

Darasi domin matan gida da masu sayarwa a ƙasashen Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa

Matafiyin da ya bar Kano ya nufi kudu, ya ratsa ƙasar Bebeji, ya kai Kwanar Ɗangora ta ƙasar Kiru, ya karya ta hanyar Tudun Wada, ya keta Dajin Falgore har ya shiga ƙasar Doguwa, da wuya ya tsaya wata tasha bai tarar da yarinya da tallan kunun zaƙi ko zoɓo ba, ko kuwa Bafilatana zaune gaban ƙwaryar nono. Haka kuma cikin gidaje. Da abin sha a ke tarbar baƙo, da shi a ke buɗa baki da azumi, shi a ke kai wa manomi gona, shi ne kuma jarin mata da yawa waɗanda ba su fita kasuwa.

Allah ya hore wa wannan yanki kayan haɗi. Ruwan sama ya fi yawa nan bisa ga arewacin Jihar Kano, ga gero da dawa da masara da shinkafa da gyaɗa, ga tsamiya da kuka da ɗorawa cikin gonaki, ga rugagen Fulani a gefen daji. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya yalwata, kayan lambu su na samuwa har tsakiyar bazara. Amma abin shan da ke ƙara wa jiki ƙarfi shi ne kuma kan kwantar da gida guda cikin dare ɗaya, in an yi sakaci. Wannan darasi zai nuna yadda a ke haɗa iri huɗu, da inda haɗarin kowane ya ke.

Inda cuta ke shiga

Ciwon amai da gudawa, watau kwalara, da zazzaɓin taifot, da atuni, duk ta baki su ke shiga. Ƙwayoyinsu su na fita cikin bayan gidan mai cutar, ruwan sama ya kwashe su zuwa rafi ko rijiyar da ba ta da murfi, ko ƙuda ya ɗauko, ko hannun da ba a wanke ba. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, saboda haka ruwa ya na iya zama garai-garai alhali da cuta cikinsa. A shekarar 2021 Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Nijeriya ta lissafa mutum fiye da 111,000 da a ke zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 suka rasu, Kano kuwa ta na cikin jihohin da abin ya fi tsanani.

Wuta ta na kashe waɗannan ƙwayoyi. Ruwan da ya tafasa sosai, ya yi minti guda ya na ɓararraka, ya zama na sha. To, a nan ne mata da yawa kan yi kuskure. Su kan dafa abin sha da kyau, sa'an nan su sirka shi da ruwan randa, ko su jefa masa ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba, ko su ɗura shi cikin gorar da aka tsinto. Sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, ajiye ta kawai ya ke yi. Ka'idar da ta fi kowace ita ce wannan: duk abin da zai taɓa abin sha bayan an sauke shi daga wuta, ruwa ne, ko mataci, ko ludayi, ko hannu, lalle ya kasance mai tsabta kamar abin da ke cikin tukunyar.

Zoɓo

A sami busasshen zoɓo gwangwani biyu, a tsince tsakuwa da ƙasa, a ɗauraye shi sau ɗaya da hanzari don kada launinsa ya tafi. A zuba shi cikin ruwa lita huɗu tare da dakakkiyar citta da kanumfari kaɗan, a tafasa kamar minti goma sha biyar. A sauke, a rufe, a bari ya huce, a tace da ƙyalle fari wanda aka wanke aka shanya a rana. In ya yi kauri, da tafasasshen ruwa za a sirka. Mata da yawa kan jiƙa zoɓo cikin ruwan sanyi ya kwana, su tace da safe. Wannan ya na ba da launi, amma bai ga wuta ba, don haka sai in ruwan jiƙon tafasasshe ne. Zoɓo ya na da tsami, tsami kuwa ya na cin ƙarfe, saboda haka kada ya kwana cikin tukunyar dalma ko bokitin kwano. A juye shi cikin kwanon tangaran ko robar abinci mai murfi.

Kunun zaƙi

A jiƙa gero ko dawa rabin mudu ya kwana. Da safe a wanke, a rege, a markaɗa tare da citta da kanumfari da busasshen dankalin Hausa ɗan kaɗan. A raba ƙullun biyu, kashi ɗaya ya fi ɗaya yawa. A sheƙa wa babban kashin tafasasshen ruwa a na damawa har ya yi kauri. In ya ɗan huce a zuba ƙaramin kashin ɗanye, a gauraya, a rufe ya kwana. Ɗanyen ƙullun nan da dankalin su ne ke narkar da kaurin, su mai da shi zaƙi, abin da ya sa kunun da aka yi da kyau ba ya bukatar sukari mai yawa. Amma da ya ke wannan kashi bai dahu ba, ruwan markaɗe tilas ya zama tafasasshe. Uwargida ta aika da nata ruwan wurin mai inji, ta kuma sa a ɗauraye injin kafin a zuba nata.

Kunun aya

A tsince aya gwangwani uku, a wanke ta sau uku domin a ƙasa ta ke fitowa, a jiƙa ta kwana. A cire ƙwallon dabino kamar goma, a duba cikinsa ko da tsutsa, a kankare bayan kwakwa rabi, a markaɗa su duka da citta, a tace. Wannan kunu ba ya hawa wuta ko kaɗan, saboda haka ya fi kowane saurin lalacewa. Da zafin bazara, wanda aka tace da hantsi ya kan juya kafin la'asar. A yi daidai wanda za a shanye. In ya soma kumfa, ko ya yi yauƙi, ko gora ta kumbura, sai a zubar, gama ruwa ba ya tsami banza. Ƙara masa sukari ba ya gyara shi.

'Ya'yan itace da kindirmo

A birane yanzu a na markaɗa 'ya'yan itace da nono cikin na'urar lantarki a sha da kauri. Ga wanda ya saba dama fura wannan ba baƙon abu ba ne, kuma ba sai da lantarki ba. A wanke nunannen mangwaro biyu tun kafin a fere, a yanka tsokarsa cikin ƙwarya, a sa ayaba ɗaya, a dame da bayan ludayi, a zuba kindirmo kofi biyu, a burga da maburgi har ya haɗe. Gwanda ta na yi, gwaiba ma ta na yi in an tace 'ya'yanta. Da rani, sa'ad da waɗannan suka yi wuya, farin garin da ke cikin 'ya'yan kuka ya na maye gurbinsu.

Amfanin wannan haɗi babba ne. Nono ya na gina jiki da ƙashi. Mangwaro da gwanda su na da sinadarin bitamin A mai tsare ido da ƙarfafa jikin yaro. Gwaiba da kuka su na da bitamin C mai yawa, wanda ke taimakon jiki ya amfana da sinadarin ƙarfe na cikin hatsi da ganye, watau abin da ke ƙara jini. Wuta ta na lalata bitamin C, don haka ba a dafa waɗannan. Shan 'ya'yan itace da tsokarsu ya fi matse ruwansu a zubar da tuƙa, domin tuƙar ta na gyara ciki, ta na kuma riƙe mutum.

Haɗarin ya na wajen nono. Saniya mai tarin fuka, ko mai cutar ɓari da a ke kira bakkale, ta na iya ba mutum cutarta ta ɗanyar madara, tsamin nono kuwa ba ya isa ya kashe ƙwayoyin duka. Sai a tafasa madarar, a bari ta huce har yatsa mai tsabta ya iya jure ɗuminta, a zuba cokali biyu na kindirmon jiya, a rufe ta kwana wuri mai ɗumi. Wadda ke saye, ta tambayi mai nono ko an dafa madarar, ta kuma riƙe wadda ta amince da ita.

Kayan haɗi na kasuwa

A watan Maris na 2021 mutane a birnin Kano da kewaye suka kama amai da jiri da fitsarin jini bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin leda da ɗan tsami. Ɗaruruwa aka kwantar a asibiti, waɗansu suka rasu. Da Hukumar NAFDAC ta bincika, ta tarar abin da aka sayar da sunan ɗan tsami wani sinadari ne dabam wanda ba na ci ba ne, cikin garin lemon kuma da wanda wa'adinsa ya wuce.  Garin da aka ƙulla cikin leda babu suna, babu lambar hukuma, babu ranar ƙarewar wa'adi, kada ya shiga tukunya. Mai son tsami ga tsamiya a bakin gona, ga lemon tsami a kasuwa.

Gyaɗa da masara kuma a tsince su kafin a yi kunu. Wadda ta yi fumfuna ta na ɗauke da dafi mai cin hanta, wanda masana suka gano bayan talotalo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda cin ƙuli mai fumfuna. Dafuwa ba ta kashe wannan dafi. Haka nan jarka ko gorar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko fetur ba ta komawa ta abin sha, kome wankin da aka yi mata.

Sukari da yara

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da babban mutum ke sha a yini ya wuce kamar cokalin shayi 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Zuma da mazarƙwaila su na cikin lissafin. Yawansa ya na ɓata haƙori, ya na kawo ƙiba, ƙiba kuwa ƙofar ciwon sukari ce. A rage kaɗan kaɗan, harshe ya na sabawa.

Jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa ya ishe shi, ba ya bukatar kunu ko zoɓo, har ruwa ma. Ba a ba yaro zuma sai ya cika shekara guda. In yaro ya kama gudawa, zoɓo mai sukari da lemon kwalba su na ƙara ta. A ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti. In babu, a auna tafasasshen ruwa lita ɗaya, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokali, a riƙa ba shi kurɓi kurɓi, a ci gaba da shayarwa. In idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, ko gudawar ta yi kama da ruwan shinkafa, a kai shi asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne.

Dokoki shida

1. A wanke hannu da sabulu kafin a fara, da bayan an fito bayan gida ko an wanke wa yaro.
2. Ruwan jiƙo da na markaɗe da na sirki da na ƙanƙara duk ya zama tafasasshe.
3. Randa ta zauna a rufe, da moɗarta guda wadda ba a sha da ita.
4. A wanke gora da mataci da na'urar markaɗe da sabulu da ruwan zafi, a kife su bushe. Kada a hura leda da baki.
5. A rufe abin sha saboda ƙuda da ƙura, a gida ko wurin talla.
6. Abin da ya yi kwantai kada a gauraya shi da sabo.

Itacen tafasa ruwa kuɗi ne, babu shakka, mai sayarwa kuma ta na lissafin riba. Amma kuɗin itacen mako guda bai kai na kwana ɗaya a asibiti ba, kuma wadda aka san kununta ya taɓa kwantar da mutane, da wuya ta sake samun masu saye a unguwar.

Tambayoyi

1. Don me ƙanƙara ba ta tsabtace ruwa?
2. Cikin iri huɗun nan, waɗanne ne ba su hawa wuta ko kaɗan, me ya kamata a yi saboda haka?
3. Yaya a ke yin kindirmo daga madarar da aka tafasa?
4. Me ya kamata a duba jikin ledar garin lemo kafin a saya?
5. Yaya a ke auna ruwan gishiri da sukari, kuma da waɗanne alamu a ke garzayawa da yaro asibiti?