Amsoshin Tambayoyinku: Joshua, Fury ko Ali, kisan wa ya fi nauyi?

Tambaya: Ni manomin rani ne a Madobi. Da daddare idan mun tashi daga ban ruwa muna haɗuwa a teburin mai shayi, kuma yau kusan mako biyu ke nan musu ɗaya ya hana mu sakat. Ni na ce a cikin 'yan damben boksin na wannan zamani babu wanda ya yi nasara irin wadda Anthony Joshua ya yi a kan Klitschko. Abokina ya ce ai Tyson Fury ne ya fara kayar da mutumin, Joshua ragowa ya tarar. Wani dattijo a cikinmu kuma ya ce duk yara ne, shi Muhammad Ali kawai ya sani. Don Allah a raba mana gardama, a kuma gaya mana da me ake auna girman nasara. Daga wani mai karatu, Madobi, Jihar Kano.

Amsa: Malam, Allah Ya yi wa noma albarka, Ya sa tumatir ya yi kasuwa. Ma'aunin da kake nema ba sai an je Turai an aro shi ba, yana nan a gidan dambenmu na gargajiya. Idan aka ce wane ɗan dambe ne, mai hankali ba ya tambayar sau nawa ya yi kisa. Cewa yake yi: wa ya kashe? Yaron da ya buge sababbin shiga hamsin a ƙauyuka bai kai wanda ya sa zare da gwani ɗaya a gidan damben Ado Bayero Square da ke Kano ya kai shi ƙasa ba. Shi ya sa har gobe ba a ambaton Shago sai an haɗa da Ɗandunawa, kuma da babu abokin karawa mai nauyi da Ɗan Anace bai sami abin da zai waƙe ba. A boksin ma haka ne. Sai dai a ƙara tambaya biyu: a wane hali aka tarar da wanda aka kashe, kuma a gidan wa aka yi?

Kafin mu shiga, akwai abin da ke ruɗa masu kallo. Kambun duniya ba ɗaya ba ne. Manyan hukumomi huɗu ne, WBA da WBC da IBF da WBO, kowacce da nata kambun a kowane ajin nauyi. Kamar a ce gidajen dambe huɗu ne a gari, kowane gida ya naɗa sarkinsa. Don haka kalmar "zakaran duniya" ita kaɗai ba ta gaya maka komai. Mutum na iya riƙe kambu shekaru bai taɓa haɗuwa da wanda ake tsoro ba.

To, ga naka gwanin. Ranar 29 ga Afrilu 2017 aka yi karawar a filin Wembley na Landan, gaban mutum kimanin 90,000. Joshua, wanda asalin gidansu Sagamu ne a Jihar Ogun, yana da shekara 27, ya yi dambe 18 tun da ya zama ƙwararre kuma duk kisa ya yi. Wladimir Klitschko na Yukren yana da shekara 41. A turmi na biyar Joshua ya kai shi ƙasa. Da a gidan damben gargajiya ne da magana ta ƙare a nan, domin a wurinmu da hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa shi ke nan, sai kiɗan kalangu. A boksin kuwa alƙali ƙidaya yake yi zuwa goma, in ka miƙe kana cikin hayyacinka a ci gaba. Klitschko ya miƙe. Shi kuma Joshua, da ya zaci aiki ya ƙare, ya riga ya zubar da ƙarfinsa duka wajen neman ƙarasawa, numfashi ya ɗauke masa. A turmi na shida tsohon ya ɗirka masa dama guda, sai ga Joshua a ƙasa, karo na farko tun da ya fara damben kuɗi.

Abin da ya sa wannan dare ya zauna a zukatan mutane shi ne abin da ya biyo baya. Joshua ya shafe turmi biyu ko uku yana lallaɓawa, yana kare kai, yana jiran ƙafafunsa su dawo. Klitschko, da yake mutum ne mai lissafi da taka-tsantsan, bai afka masa ba, kuma a ganina a nan ya yi sake. A turmi na 11 Joshua ya taso da wani naushi daga ƙasa ya daki haɓarsa har kansa ya yi baya, ya kayar da shi sau biyu, alƙali ya shiga tsakani. Klitschko bai sake dambe ba, a watan Agusta na shekarar ya ajiye safar hannu. Duk wanda ya ce wannan ita ce babbar nasarar Joshua a rayuwarsa ya faɗi daidai. Ta fi wadda ya rama a kan Andy Ruiz a Diriyah ta Saudiyya a Disamban 2019, domin a can guje-guje ya yi ya tara maki. Ta kuma fi kisan da ya yi wa Francis Ngannou na Kamaru a 2024, tunda shi Ngannou baƙo ne a boksin, karawarsa ta biyu ke nan.

Amma abokinka bai yi ƙarya ba, kuma dole ka haƙura ka saurare shi. Lokacin da Fury ya kara da Klitschko, ranar 28 ga Nuwamba 2015, mutumin yana kan karagarsa. Ya fi shekara goma ba a doke shi ba, yana riƙe da kambu tun 2006, uku daga cikin manyan huɗun suna hannunsa. Kuma a Düsseldorf aka yi, a Jamus, inda nan ne gidansa a dambe. Fury ya je can ya rikita shi da motsi da tsawon hannu har turmi 12, alƙalai uku duk suka ba shi. Damben ba shi da daɗin kallo ko kaɗan, in ka nemo shi a waya kana iya yin barci kafin turmi na shida. Sai dai daɗin kallo daban, nauyin aiki daban. Fury sarki ya tuɓe. Joshua kuwa tuɓaɓɓen sarki ya buge, wanda ya yi wata 17 bai hau dandamali ba. Idan ma'aunin shi ne wa ka kashe kuma a wane hali, abokinka ya ɗan fi ka hujja. Idan kuma ana maganar wanda ya faɗi ya tashi ya nuna zuciya, kai ne da gaskiya.

Sai dai ku biyun kun manta da mutumin da ya buge gwanayenku duka. Oleksandr Usyk, shi ma ɗan Yukren, bahago ne, kuma ba a ajin masu nauyi ya taso ba. A ajin da ke ƙasa da shi ya fara haɗa kambu huɗu a 2018, kuma a Mosko ya je ya yi hakan. Da ya hauro, ya bi Joshua har Landan a Satumban 2021 ya ƙwace kambunsa, ya sake doke shi a Jidda a 2022. Sannan ranar 18 ga Mayu 2024 a Riyad ya haɗu da Fury, wanda ba a taɓa dokewa ba kuma ya fi shi nauyi da kilo 17 da ɗoriya. A turmi na tara ya yi masa ruwan naushi har igiya ce ta tare shi, alƙali ya yi masa ƙidaya. Alƙalai biyu cikin uku suka ba Usyk, ya zama mutum na farko da ya haɗa kambu huɗu a ajin masu nauyi, abin da rabon da a ga mai riƙe da sarautar ajin shi kaɗai tun Lennox Lewis a 1999. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. In dai a cikin 'yan wannan zamani ne, ni a nan na tsaya: daren Riyad ya fi na Wembley da na Düsseldorf.

Dattijonku kuwa a gaishe shi, ya san abin da yake faɗa. Shekarar 1974, wadda a cikinta aka kammala dam ɗin Tiga da ruwansa ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, ita ce shekarar da Ali ya kara da George Foreman a Kinshasa. Ali yana da shekara 32, an taɓa raba shi da kambunsa a 1967 saboda ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam, ya yi shekara uku da rabi ba ya dambe. George Foreman yana da 25, dambe 40 ba a taɓa doke shi ba. Abin da ya fi ba da tsoro, mutum biyu ne kawai suka taɓa doke Ali a lokacin, Joe Frazier da Ken Norton, kuma kowannensu Foreman a turmi na biyu ya gama da shi. Ranar 30 ga Oktoba, da misalin ƙarfe huɗu na dare, kafin kiran asalatu, Ali ya jingina da igiya ya bar Foreman yana ta jibga har ya gaji, a turmi na takwas ya kwantar da shi. Wannan ba a haɗa shi da na yaran yanzu. In za a yi masa adalci a ajiye shi gefe guda, kamar yadda ba a sa limami cikin musun ladanai.

Akwai wani suna da na so in ji a teburinku ban ji ba, kuma shi ya fi ci mini rai. Idan ana neman ɗan Nijeriyar da ya fi kowa yin manyan kisa a boksin, ba Joshua ba ne, Dick Tiger ne. Sunansa na yanka Richard Ihetu, mutumin Amaigbo a ƙasar Ibo. Ba shi ne na farko ba, Hogan Bassey na Kalaba ya riga shi, ya ci kambun duniya a Paris a 1957 bayan ya buge Cherif Hamia. Amma dubi waɗanda Tiger ya kara da su. Gene Fullmer na Amurka mutum ne da ya taɓa doke Sugar Ray Robinson, wanda masana da yawa ke ɗauka babu kamarsa a tarihin boksin. Tiger ya bi Fullmer har San Francisco a Oktoban 1962 ya karɓe kambun matsakaita nauyi. Suka sake haɗuwa a Las Vegas aka tashi babu kisa. Karo na uku aka kawo damben gida, filin Liberty na Badun, ranar 10 ga Agusta 1963, ƙasa tana da shekara uku ba cikakku ba da samun 'yanci. Bayan turmi na bakwai Fullmer bai iya fitowa ba, kuma daga ranar bai ƙara dambe ba.

Duk da haka ba wannan nake ɗauka mafi girma a nasarorinsa ba. A 1966 Emile Griffith ya raba shi da kambun. Yana da shekara 37, lokacin da ake cewa mutum ya koma gefe ya riƙa horar da yara, sai ya hau ajin da ke sama da nasa. A Disamban shekarar ya shiga Madison Square Garden na New York ya kara da José Torres, zakaran ajin, wanda ya fi shi tsawo da nauyi da ƙuruciya. A wancan zamani turmi 15 ake yi, ba 12 ba. Tiger ya cinye, suka sake a 1967 ya ƙara cinyewa. Kuma lokacin babu wannan tarin kambu da ake rabawa kamar goro a wurin suna. Yaƙin basasa ya zo ya tsaya a ɓangaren Biyafara, abin da ya sa sunansa ya daɗe ba a son ɗagawa, ya rasu a 1971 yana da shekara 42. Ra'ayin kowa game da matsayinsa a yaƙin daban ne, amma abin da ya yi a dandamali yana nan a rubuce.

Bayan su akwai Samuel Peter na Akwa Ibom, da ya buge Oleg Maskaev a Cancun ta Meziko a Maris 2008 ya ci kambun WBC na masu nauyi, wata bakwai kacal ya riƙe shi Vitali Klitschko, yayan Wladimir, ya karɓe. Maƙwabtanmu na Nijar su ma suna da abin tunawa: lambar Olamfik ta farko da ƙasar ta taɓa samu a boksin ta zo, tagullar da Issaka Daboré ya ciyo a Munich a 1972.

Hukuncin teburin mai shayi ke nan, Malam. Tsakaninka da abokinka, shi ya ɗara ka da kaɗan, don haka shayin daren yau kai za ka biya. Shi kuma ya sayi burodi, tunda Usyk ya doke Fury ɗin nasa har sau biyu, na biyun a Disamban 2024. Dattijo a haɗa masa mai kauri da ƙwai. In kun zauna, a samu mai data a wayarsa ya nemo muku turmi na 11 na Wembley da na tara na Riyad, ku kalle su a jere.