Yadda Ake Fara Zana Farashin Kasuwa a Shafin Intanet da Chart.js

Ƙungiyar masunta ko ta manoman albasa a Shanga da Yauri da Ngaski, idan tana son nuna hawa da saukar farashi wata bayan wata, ba ta buƙatar sayen manhaja, domin Chart.js kyauta ne. Kundi ne na umarnin JavaScript da aka riga aka rubuta, wanda Nick Downie ya fara fitarwa a 2013, kuma aikinsa shi ne mayar da lambobi zanen layi ko na sanduna ko na da'ira. Masu tura sabon shiga wurin wani kundin zane mai suna D3.js suna wahalar da shi a banza, don wannan kayan ƙwararru ne.

Da farko a sauke fayil ɗin chart.umd.js a ajiye shi tare da shafin. Galibin darussa suna cewa a riƙa jawo shi daga rumbun intanet na jsDelivr duk sanda aka buɗe shafi, amma a ƙauyukan bakin tafkin Kainji, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, hakan kan bar mai karatu da farin fili.

Sai a sanya canvas, wato allon da za a yi zanen a kai, a ba shi suna, a kuma rubuta umarnin a ƙasansa, domin burauza tana karanta shafi ne daga sama. Bayan an nuna masa canvas ɗin, umarnin new Chart yana neman abu uku: type, wato irin zanen, labels, wato sunayen watanni, da data, wato farashin.

A wurin farashin ne aka fi yin tuntuɓe. Ma'aji ya saba rubuta kuɗin buhu ko na kwandon busasshen kifi da waƙafi da alamar naira, kamar ₦45,000, kuma idan aka kwafo shi haka cikin data, Chart.js ba zai gane lamba ba ce, ba kuma zai yi ƙorafi ba, sai dai wurin ya fito babu komai, mutum ya yini yana zargin kwamfutarsa. Dole ne a rubuta 45000 zalla. Waƙafin da alamar kuɗin ana mayar da su daga baya ta hanyar ticks, sashen da ke tsara rubutun gefen zane. Watan da ba a ɗauki farashi ba a sa masa null, wato babu komai, kada a sa sifili, domin sifili zai nuna kamar an raba albasa kyauta a watan.

Saboda yawancin masu dubawa da waya za su duba, a saka canvas cikin div, wato akwati a shafin, mai ƙayyadadden tsayi, sannan a mayar da maintainAspectRatio, wato zaɓin da ke riƙe daidaiton faɗi da tsayin zane, zuwa false. In an manta da tsayin, zanen kan yi ta miƙewa ƙasa. Kafin a sake zane a kan allo ɗaya kuwa, a kira umarnin destroy a kan tsohon zanen, in ba haka ba sabon ba zai fito ba.