Kunya Ba Ta Hana Mai Batirin Zuciya Magana A Gaban Likita

Ya tabbata cewa kunya yanki ce ta imani, amma ba kowane shiru ne kunya ba. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta yabi matan Ansar domin kunya ba ta hana su tambaya a kan addininsu ba. Jiki kuwa amana ne, shi ma yana da hakkin a yi tambaya dominsa.

Akwai wata 'yar na'ura mai batir da likitoci ke dasawa ƙarƙashin fatar ƙirji, ta daidaita bugun zuciyar da ya yi sanyi. A ƙasar Suwidin aka fara dasa ta, cikin 1958. To, wanda aka dasa wa ita ya komo Batsari ko Safana, wata rana gwaiwa za ta iya kai shi gaban ma'aikacin da bai san labarinsa ba. Lalle ne ya faɗa tun ba a tambaye shi ba, ya nuna katin na'urar. Dalili kuwa, wuƙar lantarki da ake tsayar da jini da ita wajen tiyata takan rikita ta. Hoton MRI ma, saboda ƙarfin maganaɗisunsa, ba kowace iri ce ke jure masa ba.

Dattijon da ya ce likita ya fi shi sani ya yi gaskiya, sai dai likita bai san gaibu ba. Mace kuma, idan miji ko ɗa da ke magana a madadinta ya manta, sai ta buɗe baki da kanta. In jiri ko suma ya dawo a faɗa, kada a ce tsufa ne.