Amsoshin Tambayoyinku: Motar 'Yan Makaranta

Wani mai sauraronmu daga Bakura yana tambaya: me ke jawo haɗarin motocin ɗalibai, kuma ina mafita?

To Malam, gudu ne kan gaba, sai lodi fiye da kima, tsofaffin tayoyi da gajiyar direba. A Fabrairun 2018, motar ɗaliban Misau ta yi karo da babbar mota kusa da Gaya, mutum sama da 20 suka rasu.

Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta ƙayyade wa bas kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babban titi irin na Gusau zuwa Sakkwato. Iyayen Mafara, Bakura da Maradun, ku duba mota da direba kafin yara su hau. In haɗari ya auku, a kira 122. Allah Ya tsare.