Fara marar fiffike: ɗiya ce ko babba?

Idan ruwan shibka ya sauka a Tajaye, ku bari a yi kamar mako biyu, sannan ku duba gindin hatsi. Za ku ga ƙananan fara suna tsalle, ba sa tashi sama. Mutane da yawa sukan ce duk iri ɗaya ce. To, ba haka ba ne. Fara marar fiffike kashi uku ce, kuma kowane kashi da irin matakin da ya dace da shi.

Kashi na farko, ɗiyan fara ne. Uwarsu ta yi ƙwai cikin ƙasa tun ƙarshen damanar bara. Ƙwan ya yi rani a binne, da ruwa ya jiƙa shi sai ya ƙyanƙyashe. Ɗiyan ba su da fiffike tukuna. Sai sun yi saɓa kamar maciji, wajen sau biyar, kana fiffike ya fito. Wadda ta fi damun hatsi a ƙasarmu ita ce wadda masana ke kira farar Senegal. Ku kama guda, ku dubi bayan wuyanta: akwai wani zane mai haske, layi biyu sun gitta juna. Ita ce ke cinye hatsi yana ɗan ƙarami, har manomi ya sake shibka. Ta yi ɓarna ƙwarai a ƙasashen Sahel a shekarar 1986.

Kashi na biyu, babba ce, amma fiffikenta gajere ne har ta mutu. Akwai wata ƴar ƙarama, mai faɗin jiki, fatarta da kaushi kamar ta kwaɗo, launinta launin ƙasa. In ta lafe ba ku ganinta sai ta yi tsalle. Masana na ce mata Chrotogonus. Masu garka a Ƙwanni da Galmi su lura da ita, don tana yanke tsiro tun yana ganye biyu. Cikin irin nan wasu kan yi dogon fiffike, amma da yawa ba sa tashi. Saboda haka ɓarnarta ba ta nisa. In kun share ciyawar bakin garka, kun bar kaji da zabi su yi kiwo kafin shibka, kun rage ta.

Kashi na uku shi ne mai ban tsoro: ɗiyan ɗango. In sun yi yawa, jikinsu baƙi ne da rawaya, kuma suna tafiya a ƙasa cikin ayari, duk sun fuskanci wuri guda. Ɗango ya shigo Nijar a 2004, ga kuma ƙarancin ruwa, aka yi matsananciyar yunwa a 2005. Jihar Tawa na cikin inda abin ya fi tsanani. Amma ku yi hattara, akwai wata fara mai wari, ta garka da fadama, wadda ɗiyanta ma baƙi ne da rawaya. Su sukan taru ne cunkus a kan tsiro ɗaya, ba sa yin doguwar tafiya irin ta ɗango.

To, yaya za ku bambance ɗiya da babba? Ga dabara mai sauƙi. Ku sa fara cikin kwalba da ɗanyen ganye, ku rufe bakin da ƙyalle don ta sha iska. Ku riƙa sake ganyen kullum har kwana goma. In kun tarar da saɓa a gindin kwalba, ɗiya ce, tana girma. Babba ba ta sake yin saɓa.

Me ya sa sanin nan ke da amfani? Domin lokacin da fara ba ta da fiffike shi ne lokacin da ake iya mata. Tana wuri ɗaya, jikinta da taushi, magani kaɗan ya isa. Ayarin ɗiya ma ana tare shi da dogon rami, a kora su ciki a binne. Amma in fiffike ya fito, yau tana gonarku, gobe tana Illela ko Malbaza.

Don haka, in kun ga ɗiya sun yi yawa, kada ku jira. Ku kama kamar goma cikin kwalba, ku kai wa malamin gona. Ku faɗa masa wurin da ranar da kuka gan su. Kada ku sayi magani a kasuwa ku fesa da ka. Kuma ku gaya wa mata da yara masu kamun fara: inda duk aka fesa magani, farar wurin ba ta ciyuwa, ba ta sayarwa.

Tambayoyi

1. Fara marar fiffike kashi nawa ce?
2. Wace alama ce ke bayan wuyan farar Senegal?
3. Yaya ake gane ɗiya da kwalba?
4. Ku rubuta sunayen fara uku da kuka sani a garinku.