Amsoshin Wasiƙunku: Tambarin Kwalbar Rigakafi da Ƙwayar da Ba a Daka Ta

Masu sauraro, wasiƙar farko daga wata baiwar Allah ce a Tsafe. Ta ce da masu rigakafin shan-inna suka shigo gidansu, ta ga ma'aikaciyar ta ƙura ido ga wani ɗan tambari a jikin kwalbar maganin kafin ta ɗiga wa jikanta. Me take dubawa?

Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin lura da abu mai muhimmanci. Tambarin nan da'ira ce mai ɗan duhu, a tsakiyarta akwai ɗan fili mai kusurwa huɗu, mai haske. An shafa wa filin wani sinadari da ƙwayoyinsa ke zaune daban-daban. Idan zafi ya taɓa su sai su riƙa kama juna suna zama doguwar sarƙa, wadda masana ke kira folima. Sarƙar na ƙara tsawo, filin na ƙara duhu, kuma ko an mayar da kwalbar cikin ƙanƙara ba zai sake haske ba. Ke nan duk zafin da maganin ya sha, tun daga masana'anta har ya iso Gusau, har ya shiga jakar da aka ɗauko zuwa ƙofar gidanki, yana nan a rubuce. Ki tuna zafin watan Afrilu a nan Zamfara da yadda wuta ke ɗaukewa, za ki san amfaninsa. Tun 1996 aka fara manna shi a kwalaben ɗigon shan-inna da goyon bayan Hukumar Lafiya ta Duniya. Muddin tsakiyar ta fi da'irar haske, maganin bai sha zafin da zai lalata shi ba. Idan launinsu ya zo ɗaya ko ta fi duhu, ba a ba yaro. Ki ce a nuna miki, haƙƙinki ne.

Sai wani bawan Allah daga Bungudu. Mahaifinsa na shan omeprazole saboda gyambon ciki, haɗiya na ba shi wuya, ko a daka masa? Malam, don Allah kada a daka, kada kuma Baba ya tauna. 'Yan ƙwayoyin da ke cikin kafson omeprazole an lulluɓe su da wata folima da ba ta narkewa a tsamin ciki, sai ta kai hanji inda tsamin ya ragu. Idan aka farfasa lulluɓin, tsamin zai lalata maganin tun bai yi aiki ba. Ka je wurin mai harhaɗa magunguna ko likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, su nuna maka yadda za a ba shi. Allah ya ba Baba lafiya.